Shekaru Ne Kawai Suka Haɗa Su: Matsayin Gida da Halin Samarin Kano

Gabatarwa

Da wuya a zauna a majalisar dattawa a birnin Kano, ko wajen ɗaurin aure ko zaman makoki, a watse ba a taɓo zancen yaran zamani ba. Wannan ya ce ba su da kunya, wancan ya ce ba su da haƙuri, wani kuma ya ce son banza ya riga ya cinye su. Duk akan yi musu kuɗin goro, sai ka ce ciki ɗaya suka fito. Alhali kuwa yaron da direba yake kai wa makarantar kuɗi a Nasarawa, da wanda yake dako a Kantin Kwari, da wanda ya gama jami'a shekara biyar yana zaman jiran aiki a Kurna, shekaru ne kawai suka haɗa su. Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne, halin saurayi yana bin ƙofar da ya tarar a gabansa, ko a buɗe ko a rufe, kuma matsayin gidan da ya fito shi ne yake zaɓa masa ƙofar. Domin a gane haka sosai, sai mun waiwayi tarihin Kano na shekara ɗari da 'yan kai.

Zamanin Gado

Lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903, sun tarar da jama'a kashi-kashi: masu sarauta, da malamai, da attajirai da fatake, da talakawa manoma da masu sana'ar hannu, sannan bayi da cucanawa. Sana'a gado ce, shi ya sa ake cewa kyan ɗa ya gāji ubansa. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya yi bayani a 1959 kan yadda Hausawa suke bambanta karda, wato sana'ar da aka gada, da shigege, wato wadda mutum ya shiga da rana tsaka, kuma mai karda ya fi daraja.

Kowane gida da irin halin da yake koya wa 'ya'yansa. Ɗan sarauta akan hore shi da kawaici da kyauta da iya zama da fadawa. Ɗan malam, kamun kai. Ɗan fatake, tattali da riƙon amana da juriyar tafiya Gwanja. Ɗan talaka kuwa, haƙuri da tuɓe takalmi da faɗuwa gaisuwa. Abin lura a nan shi ne, ladabin da ake yabon samarin dā da shi yana da lada a fili. A tsarin gandu, saurayi yana noma a gonar ubansa, uban kuma shi zai ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari, daga baya gonar ta zama tasa. Biyayya ciniki ce mai riba, ba a kan iska aka gina ta ba.

Boko Ya Huda Katanga

A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, da niyyar koyar da 'ya'yan sarakuna da malamai. A 1922 kuma aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina. Nufin Turawa shi ne na sama ya ci gaba da zama a sama, sai dai ya iya karatu da lissafi. Amma da yake manya da yawa suna ƙyamar boko, sai suka riƙa ɓoye 'ya'yansu suna tura 'ya'yan barori. Ta wannan ɓaraka 'ya'yan ƙananan gidaje suka shiga. A Kwalejin Katsina aka haɗa Ahmadu Bello, jinin Shehu kuma ɗan hakimin Rabah, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda mahaifinsa mai hidima ne a gidan hakimi. Ɗaya ya zama Firimiyan Jihar Arewa, ɗaya ya zama Firayim Ministan Nijeriya.

To, amma yawancin samarin da suka yi Midil sun fito sun tarar da En'e ba ta san takarda ba, gida ta sani. Yaro ya fi ɗan hakimi ƙoƙari a aji, amma ya ƙare a malamin haraji a ƙarƙashinsa. Wannan takaici shi ya haifi NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Daga cikin mutum takwas da suka kafa ta akwai Maitama Sule da Mudi Sipikin da Magaji Dambatta, waɗanda a lokacin shekarunsu ashirin ne ko kusa da haka. Malam Aminu Kano da ya ja ragamarsu, daga gidan alƙalai ya fito, yana da shekara 30. Teloli da 'yan koli da almajirai suka rufa musu baya, suna ƙin faɗuwa gaisuwa, ana ɗaure su, suna fitowa suna ƙarawa. Manyan wancan zamani marasa kunya suka kira su. Mai karatu ya lura, waɗancan marasa kunyar su ne dattawan da daga baya aka riƙa kafa misali da su.

A daidai wannan lokaci ne kuma aka fara wani abu da har yau bai mutu ba, wato hayar ƙarfin ɗan talaka domin faɗan siyasa. A 1953 aka ji ɓullar Jam'iyyar Mahaukata a Kano, masu far wa 'yan NEPU, su ma kuma 'yan NEPU suka tanadi nasu 'yan banga. Tun daga ran nan wani sashe na samari ya koyi cewa gora da wuƙa ma hanyar cin abinci ce.

Shekarun Man Fetur

Ƙofa ba ta taɓa buɗewa ɗan talaka kamar yadda ta buɗe a shekarun 1970 ba. A 1974 aka yi ƙarin albashin Udoji. A 1976 aka ƙaddamar da shirin UPE na ilmin firamare kyauta. A 1977 aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma a shekarar ne Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a. A makarantar kwana ta gwamnati, ɗan kwamishina da ɗan mai faskare ɗaki ɗaya suke kwana, layi ɗaya suke bi na abinci, bulala ɗaya take dukansu. Wanda ya gama, aiki yana jiransa. Saboda haka samarin wannan rukuni suka tashi da yarda da kai, da imani cewa ƙoƙari yana biya, da ganin cewa gwamnati tasu ce, suna da hakkin su tuhume ta. Shi ya sa ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abincin ɗaliban jami'a ya tayar da tarzomar 1978, har aka rasa rayuka a Zariya. Shi ya sa kuma a 1979 Kanawa suka zaɓi Abubakar Rimi na PRP yana da shekara 39, ya zo ya soke haraji da jangali.

Sai dai ba kowa wannan daula ta shafa ba. Gardawa da 'yan ci-rani da suke shigowa birni da rani sun tarar da tsadar rayuwa ta ƙaru, ƙananan sana'o'in da suka saba rayuwa da su kuma suna mutuwa. Ginin siminti ya kori yaɓe, kayan masana'anta sun kori na hannu. Suna ganin manyan motoci suna wucewa, ba su da takardar da za ta kai su ko bakin ƙofa. Littafin Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, ya hango makomar saurayin da ya bar ƙauye ya faɗa hannun ɓata-garin birni. Daga cikin irin waɗannan samari ne Maitatsine ya sami mabiya da yawa, kuma rikicin Disamba 1980 ya ci rai 4,177 a ƙididdigar hukuma. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Ƙofa Ta Fara Rufewa

A 1985 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya daraja. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, Naira ta faɗi warwas, albashi ya zama ba ya kai rabin wata. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka shiga rage ma'aikata, wasu suka rufe gaba ɗaya. Makarantun gwamnati suka lalace, sai masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. Wannan ita ce babbar asarar da ba a cika ambato ba, domin kuwa an rushe wurin da ɗan mai shi da ɗan maras shi suke haɗuwa su san juna tun suna yara.

Littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano a wannan zamani shaida ne. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, labari ne na 'yar masu kuɗi da take son talaka, iyaye suka ƙi. Samari sun yi rububinsa saboda sun ga kansu a ciki: ga ilmi, ga so, babu abin hannu. Balaraba Ramat Yakubu kuma, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, ta nuna a Wa Zai Auri Jahila? cewa ƙofar 'ya mace ta fi ta namiji ƙunci. Har yau 'yar masu hali tana karatun likita, tsararta tana yawon talla domin a tara kayan ɗaki.

Saurayin da masana'anta ba ta ɗauka ba, sai ya hau acaɓa. A Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, aka hana ɗaukar fasinja a babur a birnin, dubbai suka koma A Daidaita Sahu ko zaman kashe wando. Wasu kuma daba ta janye su, 'yan siyasa suna jiransu da kuɗin jagaliya duk bayan shekara huɗu.

Samarin Yau

Idan muka dubi samarin Kano na yau da wannan tarihi a zuci, za mu ga aƙalla rukuni uku. Na farko su ne 'ya'yan masu da shi. Yawancinsu ba su taɓa zama a benci ɗaya da ɗan talaka ba, sun san shi ne a matsayin direba ko maigadi ko almajirin gida. Suna da sakin jiki da yarda da kai, domin sun san ko sun faɗi akwai katifa. Matsalar ƙasa takan zo musu ne a matsayin labari.

Na biyu su ne 'ya'yan malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da 'yan tireda, waɗanda aka ce musu su yi karatu za su huta. Su ne yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya zaunar a gida wata takwas. Halinsu ya haɗa naci da ɗaci: ga su da neman na kai, sayar da kaya ta waya, ɗinki, gyaran kwamfuta, ga su kuma da zargin cewa ba a samun komai sai da hanya. Su ne masu zafin baki a Facebook. Kuma duk wanda ya buɗe musu ƙofa, kamar yadda gwamnatin Kwankwaso ta tura ɗalibai 501 karatu ƙasashen waje a zangonta na 2011 zuwa 2015, sukan riƙe shi hannu bibbiyu. A 2018 an sa hannu a dokar rage shekarun tsayawa takara, ɗan shekara 25 yana iya neman majalisar wakilai. Amma a 2022 takardar neman takarar shugaban ƙasa a APC Naira miliyan 100 ce. Doka ta cire shingen shekaru, ta bar na kuɗi.

Na uku su ne waɗanda ba boko, ba sana'a, ba gonar gado. Wanda bai ga abin da gobe ta tanadar masa ba, da wuya ya yi wa gobe tattali, shi ya sa ake ganin gaggawa da saurin fushi da shaye-shaye da ƙwacen waya. Wayar hannu kuma ta ƙara wa abin gishiri. A dā katanga takan ɓoye abin da ke gidan attajiri, yau bikin 'yarsa yana tafin hannun mai tura baro a TikTok. Zanga-zangar tsadar rayuwa da ta fara ranar 1 ga Agusta 2024, bayan cire tallafin man fetur a 2023, ta nuna rabuwar a fili. Masu ilmi ne suka yi ta yayata ta a waya, amma da abin ya rikiɗe ya zama fashe-fashe aka sa dokar hana fita, yaran lungu ne suka cika motocin 'yan sanda. A Nuwamba na shekarar aka ga wasunsu, ƙanana da su, suna sumewa a gaban kotu a Abuja, kafin a ba da umarnin sakinsu.

Kammalawa

Ba ana nufin talauci uzuri ne na ɓarna ba. Dubban 'ya'yan talakawa suna dako da gini da tallar ruwa ba su taɓa ɗaukar allurar wani ba, kuma akwai 'ya'yan manya da suka fi 'yan daba lalacewa, sai dai asirinsu a rufe yake. Abin da tarihi ya nuna shi ne, ladabin zamanin gandu yana da gona a bayansa, himmar ɗaliban 1970 tana da aiki a gabanta. Yau muna neman saurayi ya yi biyayyar kakansa da himmar ubansa, ba mu ba shi gonar ba, ba mu ba shi aikin ba. An ce hali zanen dutse ne, amma ai kafin a yi zanen akwai hannun da ya riƙe guduma. Saboda haka duk sa'ad da muka ji ana kukan yaran zamani, ya kamata mu fara tambaya: wane yaro, ɗan wane gida, kuma wace ƙofa ya ƙwanƙwasa aka ƙi buɗe masa?