Kamfanin Dell da damuwar masu hannun jari

Dell kamfanin ƙera kwamfuta ne na Amurka wanda Michael Dell ya kafa a jihar Texas a 1984. Mu a Garwa mun fi sanin kayansa ta kwamfutocin gwanjo. Tsarinsa na asali shi ne sayarwa kai tsaye, babu dillali babu shago, don haka wanda kwamfutarsa ta lalace ba shi da inda zai kai kuka sai ta waya. Da kamfanin ya mayar da wani sashe na masu amsa wayar zuwa Indiya don rage kashe kuɗi, koke-koke suka yi yawa, har a 2003 ya dawo da masu kula da manyan abokan cinikinsa Amurka.

A 2006 lamarin ya iso ga masu hannun jari. A watan Agusta kamfanin ya janye batura miliyan 4.1 ƙirar Sony saboda suna iya kama wuta, abin da ya yi kusa da mayar da kaya saboda aibi a fiƙihunmu. Kamfanin HP ya ƙwace masa matsayin na ɗaya a duniya, farashin hannun jarinsa ya faɗi. A Janairun 2007 shugabansa Kevin Rollins ya sauka, Michael Dell ya dawo kan kujerar.

Abin da ya fi muni a ganinmu shi ne ɓoye gaskiya. A 2010 Dell ya biya dala miliyan 100, ba tare da amsa laifi ba, kan zargin hukumar SEC ta Amurka cewa ya ɓoye wa masu jari kuɗaɗen da Intel ke ba shi, waɗanda da su yake cike giɓin ribarsa.