Ciyar da majiyyaci ta jijiya: mece ce, kuma me ya bambanta ta da ƙarin ruwa?

Ciyarwa ta jijiya hanya ce ta shigar da abinci kai-tsaye cikin jinin majiyyacin da hanjinsa ya daina aiki, kamar wanda taifot ta huda wa hanji, ko wanda harsashi ya yi wa mummunan rauni a ciki. Ana haɗa sukari da mai da sinadaran gina jiki da gishiri da bitamin, a zuba su sannu a hankali ta siririn bututu zuwa babbar jijiya kusa da zuciya. Likita Stanley Dudrick na Jami'ar Pennsylvania a Amurka ne ya nuna a 1968 cewa jariri zai iya girma ta wannan hanya kaɗai.

Ƙarin ruwan da aka saba gani ba abinci ba ne. Lita guda mai sukari kashi 5 cikin 100 giram 50 na sukari kawai ta ƙunsa, wato kalori kusan 200, alhali majiyyaci mai nauyin kilo 60 na buƙatar kimanin 1,500 a kullum. Mutum na iya kwana bakwai ana ƙara masa ruwa, yunwa kuma tana cinsa.

Hanyar tana da haɗari. Ƙwayoyin cuta kan bi bututun su shiga jini, kuma ciyar da wanda ya daɗe da yunwa da gaggawa kan rikita gishirin jininsa har zuciya ta tsaya. Saboda haka tana buƙatar awon jini akai-akai, da firji, da lantarkin da ba ya yankewa.

Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce a bi ta hanji muddin yana aiki. A Gummi, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, madarar F-75 ake fara ba su, ta bututun hanci idan sun kasa sha.

Wanda hanjinsa ya tsaya baki ɗaya a ƙauyukan Anka ko Bukkuyum kuwa, sai an kai shi babban asibiti a Gusau ko Sakkwato, ta hanyoyin da 'yan bindiga ke tarewa. Kula da manyan asibitocin gwamnati na Anka da Bukkuyum haƙƙin gwamnatin jiha ne, don haka a kasafin kuɗin Zamfara ya kamata a nemi kuɗin ɗakin awo da lantarki da ma'aikatansu.