Shekara 90 muna kama masu shaye-shaye, yaushe za mu fara yi musu magani?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku kai ƙarshe kafin a fara yi mini ruwan martani.

Shekarun baya da aiki ya sa nake yawan bin hanyar Boɗinga zuwa Shagari, akwai wata tasha da nake tsayawa cin abinci. Mai girkin wani matashi ne, ɗan daudu, kowa ya sani. Tun asuba yana bakin murhu har dare, kuma tiramol ce ke riƙe da shi. Da na ga hannunsa ya fara rawa in yana zuba miya, sai na ce ya zo in kai shi asibiti, kuɗin mota da na kati a kaina. Ya ce, "Yallaɓai, in na je, ciwon za a duba ko ni za a duba?" Ban iya ba shi amsa ba. Bayan an canza mini wurin aiki na ji labarin an tsinci gawarsa a ɗaki. Allah Ya gafarta masa.

Tambayarsa ce ta sa na koma na duba tarihin yadda ƙasar nan ke tunkarar shaye-shaye. Abin da na gani shi ne, tun farko da sanda muka fara, kuma har yau sandar ce a gaba.

A 1935 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar miyagun ƙwayoyi. A 1966 gwamnatin Ironsi ta yi dokar soja kan tabar wiwi, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma ta. Bayan sojoji sun kifar da gwamnatin namu, Alhaji Shehu Shagari, a ƙarshen 1983, Janar Buhari ya fito da doka mai lamba 20 ta 1984. Da ita aka harbe mutum uku a Legas a watan Afrilun 1985 kan safarar hodar iblis. A 1989 Babangida ya kafa hukumar NDLEA. A 2018, bayan binciken da BBC ta yi kan maganin tari mai kodin, gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi.

To, duk wannan tsananin me ya haifar? Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a shekarar da aka yi binciken. Kusan miliyan 3 daga ciki a Arewa maso Yamma suke. Kuma ɗaya cikin huɗu mace ce.

Ɓangaren magani fa? A jiharmu, in abu ya tsananta, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ake nufa. Mutumin ƙauyen Shagari sai ya bi ta Boɗinga, ya ratsa Sakkwato, sannan ya kai, ga kuɗin mota, ga na magani, ga mai jinya da zai bar gonarsa. Shi ya sa iyaye da yawa a Arewa suka koma ga gidajen mari. Mun ga abin da aka tono a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019: ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Iyayen nan ba mugaye ba ne, ƙofar da suka samu a buɗe suka shiga.

Abin takaici, dabarar tana cikin ƙasar nan tun tuni. A 1954 Dakta Thomas Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a ƙauyukan kusa da asibiti tare da wani ɗan uwansu, ana yi musu magani a cikin jama'a. Duniya ta yaba masa, mu kuwa muka bar abin a littafi.

Yanzu ga inda na san wasunku za su ɓata rai. Ko da an kawo magani har ƙofar gida, akwai waɗanda ba za su fito ba: matar aure mai shan kodin a ɗaka, budurwar da ke tsoron kada a fasa aurenta, da irin wancan yaron na tasha. 'Yan daudu ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa, iyayenmu sun san su a tashoshi da gidajen abinci. Amma bayan dokokin shari'a na 2000 da dokar tarayya ta 2014 da ta haramta auren jinsi, su da duk wanda ake zargi da irin wannan sun ƙara ɓuya. Wanda ke gudun ido kuwa ba zai je ya ba da sunansa a teburin kati ba.

Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan aikin malamai ne. Abin da na sani shi ne asibiti ba kotu ba ce. Likita ba ya tambayar mai zazzaɓi ko ya yi sallar asuba kafin ya ba shi magani. Kuma ƙwayar da ake sayar wa wanda muka ƙyamata, dila ɗaya ne ke sayar wa ƙannenmu.

A matsayina na wanda ya daɗe yana ganin yadda ake haɗa kasafin kuɗi, na san abu guda: abin da ba shi da layinsa a kasafi, babu shi. Ƙofofin kuɗi kuwa akwai su. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ga hukumar zakka da waƙafi ta jiha.

Roƙona ga shugabannin Boɗinga da Shagari ƙarami ne. A ware layi a kasafi. A samu ɗaki ɗaya a asibitin kowace ƙaramar hukuma, da ma'aikata biyu, mace da namiji, masu horo kan shaye-shaye. Kada a kafa allon da zai tona mai shiga. A rubuta ƙa'ida cewa sirrin majinyaci amana ce, kuma duk ma'aikacin da ya kai shi majalisa ya bar aiki. Wanda abinsa ya fi ƙarfin ɗakin, a tura shi Kware da motar ƙaramar hukuma.

Da irin wannan ɗakin yana nan a lokacin, da na samu amsar da zan bai wa yaron nan. Wanda ke da kansila ko shugaban ƙaramar hukuma a kusa, don Allah ya tura masa. Allah Ya shirya mana zuri'a.