Tarihin Tsutsar Da Aka Gina Wa Magudanar Ruwa

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomin rani a yankin Kura ta Jihar Kano. Ya ce ya tuge tumatirinsa ya tarar saiwar duk ta yi ƙulle-ƙulle, malamin gona ya ce tsutsa ce. Daga baya kuma ya ji wai Turawa har gida suke gina wa irin wannan tsutsa. Shin gaskiya ne, kuma me suke nema?

To Malam, gaskiya ne, sai dai wadda suke kiwo 'yar uwar taka ce, ba ta cin shuka. Sunanta elegans, tsawonta milimita 1 kacal. Wani Bafaranshe, Emile Maupas, shi ya fara bayaninta a 1900, bayan ya samo ta a ƙasar Aljeriya. A 1963 sai Sydney Brenner, haifaffen Afirka ta Kudu mai aiki a Kambirij ta Ingila, ya ba da shawarar a riƙa nazari da irinta. Dalili kuwa, kwana 3 take yi daga ƙwai zuwa girma, kuma jikinta garau yake, ana hango cikinta da madubin likita. Shi da abokan aikinsa biyu sun sami kyautar Nobel a 2002.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne juriyarta. Bisa al'ada mako 2 zuwa 3 take rayuwa. Amma idan yunwa ko zafi ko cunkoso suka matsa wa ƙaramarta, sai ta rufe baki, fatarta ta yi kauri, ta yi watanni ba ci, kamar ƙwayar gero mai jiran damina. Abinci na samuwa sai ta ci gaba da girma.

Matsalar ita ce, yaya za ka kalli abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya? Da can sai a manne ta da gam, ko a sa mata maganin sa barci, wanda kan canza halinta. A wajen 1998 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka sauƙaƙa hanyar zuba wata roba mai haske, a fitar da 'yan magudanai a jikinta, faɗinsu kamar silin gashi. Kai da ka san kwalbatin noman rani, haka abin yake: a buɗe nan, a toshe can, ruwa ya bi inda ake so.

A 2004 aka saka tsutsotsin a irin wannan na'ura, gefe guda iskar numfashi da yawa, ɗaya gefen kaɗan. Sai suka guje wa duka biyun, suka taru a tsakiya. A 2007 kuma aka ƙera wadda ke riƙe tsutsa ɗaya a farke, a turo mata wani sinadari ta hanci, ana kallon yadda jijiyoyinta ke amsawa.

Ina ruwan manomi? Ai tsutsar saiwar tumatir, da kurkunu, da mai kawo makantar bakin kogi, duk dangi ɗaya ne da ita. Da yawa cikinsu suna da irin wannan mataki na jira kafin su shiga jikin shuka ko na mutum. Wanda ya san sirrin juriyarsu ya kama hanyar karya su. Ko yadda maganin Mectizan ke sandarar da tsutsa, a jikin wannan 'yar ƙaramar aka gano shi.

Kafin nan Malam, ka ƙone saiwar da ta kamu, ka huta da tumatir a wannan fili, ka sa masara ko dawa. Allah Ya ba da amfani mai albarka. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.