Hasumiyar Fitila a Bakin Teku Mai Ɗauke da Sunan Baƙon Shehun Barno

 A shirinmu na tarihi na wannan mako mun bar tudu mun gangara bakin teku. Wani zai ce, to me ya haɗa mutumin Chadi da teku, mu da ko warinsa ba ma ji? Ku ɗan yi haƙuri da ni. Buhun shinkafar da ke shagonka, Alhaji, da tayar kamyon da ya ɗauko ta, ta teku suka shigo.

Shekarun baya na raka wani ɗan'uwa ɗan kasuwa Duwala, zai fitar da kayansa daga tashar jiragen ruwa. Takardu suka ƙi kammaluwa, aka ce mu dawo bayan kwana uku. Da mu zauna muna ƙirga kuɗin masauki, sai muka shiga mota zuwa Limbe, garin da ke gindin Dutsen Kamaru, dutsen da tsayinsa ya haura mita 4,000. Yashin bakin ruwan garin baƙi ne wuluk, domin dutsen mai aman wuta ne. Wani masunci ya yarda ya yi mana jagora a kan wata hanyar ƙafa da ke bin gaɓar teku ta wajen Bimbia. Hanya ce ta cikin kurmi, ga santsi, ga gumi kamar an watsa maka ruwa. Ni da na saba da fili fetal inda kake hango saniya tun tana ɗigo, a nan taku ashirin ba ka ganin na gabanka.

Da muka fito wani buɗaɗɗen wuri, sai teku ya bayyana, ga ƙananan tsibirai na dutse a cikin ruwa, igiya tana dukansu. Masuncin ya miƙa hannu ya ce: "Malam, duba can ƙarshen hancin ƙasar nan da ya kutsa cikin ruwa." Na duba, sai ga wani tsohon gini siriri a tsaye, kamar hasumiyar masallaci amma babu masallaci a gindinta. Na ce mene ne wannan? Ya ce gidan fitila ne na zamanin Jamus, sunan wurin kuwa Nachtigal. Jin sunan nan ya sa na tsaya cik, domin na san shi a tarihin ƙasarmu ta Tafkin Chadi.

Bari mu fara da aikin irin wannan gini, don da yawanmu ba su taɓa gani ba. Makiyayi idan dare ya same shi a daji yana da alamominsa: ga Kaza da 'Ya'yanta a sama, ga Gamzaki da asuba, ga kukar da ya sani, ga dutse. Duk wanda ya bi ta wajen Karal ya san yadda duwatsun Hajar al-Hamis ke tsaye su kaɗai a fili, ka hango su ka san inda kake. To matuƙin jirgin ruwa ba shi da kuka ba shi da tsamiya, kuma ƙarƙashin ruwan akwai duwatsun da za su farke cikin jirgi. Shi ya sa ake gina hasumiya a kan tsibiri ko a hancin ƙasa, a kunna fitila a samanta. Ana kewaye fitilar da gilashi na musamman mai tattara haske ya harba shi nesa, irin wanda wani Bafaranshe mai suna Fresnel ya ƙirƙiro a shekarun 1820. Kowace hasumiya kuma da irin ƙiftawarta: wata sau ɗaya ta huta, wata sau uku. Matuƙi yana ƙirgawa, ya duba littafinsa, ya san gaɓar da yake fuskanta, kamar yadda kake gane garken wane ne ta hanyar tambarin da ke jikin shanu. Da Faransanci ana kiran ginin "phare", kalmar nan dai da direbobinmu ke kiran fitilar gaban mota da ita. Asalinta sunan tsibirin Faros ne na birnin Iskandariya a Masar, inda aka gina shahararriyar hasumiyar fitila fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Yanzu mu koma ga mai sunan. Gustav Nachtigal likita ne Bajamushe da ya yi zama a Tunis, ya koyi Larabci, har ake kiransa Idris Afandi. A 1869 Sarkin Purusiya, Wilhelm na Ɗaya, ya aiko shi da kyaututtuka zuwa ga Shehu Umar na Barno, don godiya bisa yadda Shehu ya karɓi matafiyan Jamus da suka gabata, irin su Barth. Ku lura da hanyar da ya biyo. Daga Tarabulus ya taso, ya bi ta Murzuk, ya ratse zuwa Tibesti inda ya sha da ƙyar, sannan ya bi ayari ta Bilma ya iso Kukawa a 1870. A wancan zamani duk mai son zuwa ƙasarmu daga Turai ta arewa yake shigowa, a kan raƙumi. Ƙofar gidanmu hamada take kallo.

Shehu Umar ya sauke shi, ya ci da shi, ya ba shi takardun wucewa. Da wannan alfarma ya zaga Kanem da Borku, a 1872 ya ƙetare Logon ya shiga Bagarmi, a 1873 ya isa Abeshe wurin Sarkin Wadai Ali, a ƙasar da Turawan da suka riga shi shiga ba su fito da rai ba. Daga can ya wuce Darfur, ya fita ta Kogin Nilu a 1874. Duk inda ya bi yana rubutawa: rijiyoyi, kwanakin tafiya tsakanin zango da zango, farashin kaya a kasuwa, sunayen sarakuna, yawan dawakinsu. Ya kuma rubuta abin da ya gani da idonsa na farautar bayi a kudancin Bagarmi, abin da ba za mu ɓoye ba don kunya. Ayarin da ke kai fata da gashin jimina da hauren giwa Tarabulus, shi ne ke kora 'yan Adam a ɗaure. Haka ma can bakin teku: Bimbia, wadda hanyar ƙafar nan tamu ke nufa, tashar lodin bayi ce a da, kangayenta na nan har yau. Ciwon ɗaya ne, ƙofa biyu.

Shekara goma bayan fitarsa daga ƙasarmu, sai ga mutumin nan ya sake bayyana, amma wannan karo ta ruwa, cikin jirgin yaƙi mai suna Möwe, a matsayin wakilin gwamnatin Jamus. A farkon Yulin 1884 ya kafa tutar Jamus a Togo. A ranar 14 ga wannan wata ya kafa ta a Duwala, bayan sarakunan garin, Bell da Akwa, sun sa hannu a yarjejeniya da 'yan kasuwar Jamus. Jakadan Ingila ya iso bayan 'yan kwanaki ya tarar an riga shi. Nachtigal bai daɗe ba bayan haka: zazzaɓi ya kashe shi a cikin jirgi a watan Afrilun 1885, daga baya aka mayar da ƙasusuwansa Duwala. Limbe kuwa, wadda a lokacin ake kira Victoria, tana hannun 'yan mishan na Ingila tun 1858, sai a 1887 ta koma hannun Jamus. Jamusawa suka buɗe manyan gonaki a gindin dutsen, jirage suka yawaita, sai a farkon shekarun 1900 suka gina hasumiyar nan a hancin ƙasar da suka raɗa wa sunan mutuminsu. A 1906 suka gina wata a Kribi, can kudu.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Wannan baƙo ya tafi, amma abin da ya rubuta ya zauna a teburin masu zana taswira. A 1894 Faransa da Jamus suka zauna suka raba ƙasar da ke kewaye da Shari da Logon, ba tare da an tambayi Kotoko ko Shuwa ko Fulani ba. Kamaru ta Jamus ta miƙe tun daga bakin tekun nan har Tafkin Chadi. A 1893 Rabe ya riga ya rushe Kukawa. A 1897 Emile Gentil ya kawo ƙaramin jirgin tururi har cikin tafkin, bayan ya biyo ta Kongo da Ubangi, ana kwance jirgin ana ɗauka a ka inda ruwa ya yanke. Ranar 22 ga Afrilun 1900 aka gwabza a Kusiri, Rabe ya faɗi, kwamandan Faransa Lamy ma ya faɗi. A ƙetaren kogi aka kafa Fort-Lamy, wadda ta zama N'Djamena a 1973. Tun daga nan ruwan da kakanninmu ke ƙetarewa da kwalekwale don zuwa kasuwa ko suna ya zama iyaka: wannan gaɓa Faransa, waccan Jamus. A 1911 ma an sake yanka: Jamus ta bar wa Faransa yankin da ke tsakanin Logon da Shari, shi ya sa Bongor take Chadi a yau. Jamusawa sun rasa Kamaru a Yaƙin Duniya na Ɗaya, sansaninsu na ƙarshe a dutsen Mora ya miƙa wuya a Fabrairun 1916. Sun tafi, iyakar ta zauna.

To ga abin da na gane ina tsaye a kan hanyar ƙafar nan. Fitilar da ke saman hasumiya teku take haskawa. Don jirgin da ke zuwa ɗaukar kaya aka kunna ta, mu mutanen tudu muna bayanta. Kuma a shekarun da aka gina ta ne ƙofar gidanmu ta juya daga arewa zuwa kudu. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kayan da raƙumi ke kwashe watanni yana ɗaukowa daga Tarabulus suka riƙa isowa cikin kwanaki, kuma da araha. Fataken hamada suka karye ɗaya bayan ɗaya. Hanyar Wadai zuwa Bengazi ta Kufra ta ɗan ƙara jurewa, ita ma yaƙe-yaƙen Faransa da Italiya suka datse ta. Garuruwan da a da su ne bakin ƙofa, su ake fara sauka da kaya, suka koma ƙuryar ɗaki, su ne na ƙarshe da kaya ke isa.

Yau daga Duwala zuwa N'Djamena tafiyar kusan kilomita 1,800 ce. Layin dogo ya tsaya a Ngaundere tun 1974, daga nan sai kamyo, ko ta Garwa da Marwa zuwa Kusiri a hau gadar Ngeli da aka buɗe a 1985, ko ta Tuboro zuwa Mundu. Kowane shinge, kowane ofishin duwan, kowace kwana da mota ta yi a hanya, a kan farashin sukari da siminti take sauka, kuma mai saye a kasuwar Dembe shi ke biya. Man fetur ɗin Doba ma haka: tun 2003 yake bin bututu mai tsawon kilomita 1,070, mafi yawansa a cikin Kamaru, ya fita teku a Kribi, garin ɗaya hasumiyar, inda ake dura shi a wani babban jirgin ajiya da ke tsaye cikin ruwa. A 2018 sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi ta fara aiki a can. Shanunmu kuma kudu suke fuskanta, wasu Najeriya, wasu Yawunde da Duwala.

Mun ga abin da ke faruwa idan ƙofa ɗaya ta toshe. A 2014, da rikicin Boko Haram ya datse hanyar Maiduguri zuwa Gambaru da Fotokol, ku makiyaya kun fi kowa sanin yadda farashin sa ya faɗi a hannunku, alhali kayan masarufi na hawa. A Janairun 2015 sojojin Chadi suka ƙetara Kamaru, kuma tsare hanyar kayan nan na cikin dalilan. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Duk wanda ya ɗora jarinsa kacokan a kan hanya ɗaya ya ji a jikinsa.

Saboda haka, ɗan'uwa ɗan kasuwa, kada ka san hanya ɗaya tak. Ka san ta Kusiri, ka san ta Tuboro, ka riƙe amintaccen mutum a kowace. Ka gyara takardunka tun kafin kaya su sauka, don kwana ɗaya a tashar ruwa kuɗi ne. Kai kuma ɗan'uwa makiyayi, takardar rigakafin dabbobi da ta ƙetare iyaka ta zama maka kamar sandarka. Mu duka kuma mu riƙe zumunci da mutanen ƙetaren kogi, domin wanda ƙofarsa ta bi ta gidan maƙwabci ba ya wasa da gaisuwa. Kakanninmu sun san sunan kowace rijiya daga Kukawa har Murzuk. Bai kamata jikokinsu su jahilci hanyar da abincinsu ke biyowa ba.

Da za mu juyo, masuncin nan ya tambaye ni: "Malam, ku a ƙasarku babu teku, to da me kuke gane hanya?" Na ce da taurari da duwatsu da tambaya. Ya yi dariya ya ce su ma haka iyayensu suke yi tun kafin Bature ya gina fitilarsa. Muka koma Duwala, kayan ɗan'uwana suka fita a rana ta biyar, suka kwana goma sha ɗaya a hanya kafin su hau gadar Ngeli.

Masu tambaya ko ƙarin bayani, musamman dattawan da iyayensu suka yi fatauci ta hamada, ƙofar shirin a buɗe take. Allah ya tsare mana hanyoyi, ya ba da damina mai albarka, ya sa dabbobi su ƙoshi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.