Daga Ƙoƙo Zuwa Kwalba: Tarihin Gidajen Giya a Tsakanin Fagge da Sabon Gari

Wanda ya tsaya a Kasuwar Singa, inda ake sarin shinkafa da sukari da man girki, yana tsaye ne a kan wata tsohuwar iyaka. Ta yamma ga Fagge, zangon fatake da Buzaye tun kafin zuwan Turawa. Ta arewa kuwa ga Sabon Gari, wanda aka yanka wajen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu. Tazarar ba ta da yawa, amma abin da aka yarda a sha a wannan gefe ba shi ne aka yarda a sha a wancan ba.

Sau da yawa akan ɗauka cewa baƙi ne suka kawo giya ƙasar Kano. Wannan kuskure ne. Maguzawa sun daɗe da ita a ƙauyukansu, kuma sana'ar mata ce. Akan jiƙa dawa, a shanya ta a inuwa har ta yi tsiro, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, sa'an nan a bar ta ta tsima. Aikin yakan ɗauki kwanaki. Ranar da ta nuna, gidan mai ita ya zama dandali: maza su zauna a gindin bishiya, ƙoƙo yana zagayawa, mahauci ya kafa tukubarsa a gefe yana gasa tsire da balangu. A nan ake biyan ladar gayya, a nan ake sulhu, a nan kuma, ba a rasa ba, ake tayar da sabuwar rigima. Kuɗin da matar ta samu nata ne.

Abin da mulkin mallaka ya kawo shi ne kwalba da lasin. Yarjejeniyar Birasal ta 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan da ba ta riga ta yaɗu ba, kuma Turawan Ingila suka sa Arewa a cikinsu, suna masu cewa sun yi wa sarakuna alkawarin kiyaye addini. Dokar giya ta 1917 ta ƙara ƙarfafa wannan. Amma su Turawan suna sha a kulob ɗinsu, baƙon Sabon Gari ma yana iya samun takardar izini. Ta haka dokar ta zama ba ta duban abin da ke cikin kofi, sai dai mai riƙe da shi. Ko da aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e ta Kano a 1940, al'adar ba ta sake ba. Da giyar Star ta fito a Ikko a 1949, aka kuma buɗe masana'antarta a Kaduna a 1963, sai kwalba ta yi ta ture burukutu zuwa lungu.

Harshe ya adana sawun wannan zamani. Kalmar "farfesu" ararriya ce daga Ingilishi, haka ma "otal", wadda a bakin Bakano ba masauki kaɗai take nufi ba, shi ya sa ba a son a ce an ga ɗan mutunci a can. Kunya kuma ta haifi sakaya zance: "shan ruwa", "ya yi tatul", "ya yi mankas". Waƙar Mamman Shata mai suna "A Sha Ruwa" a kan wannan sakayawa ta ginu, kuma masu sauraro ba su taɓa ɗaukar ta a kan ruwan randa ba. Ba boyayyen abu ba ne cewa cikin masu tsallakowa da dare har da 'yan birni da mutanen Fagge.

Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, aka kafa Hukumar Hisba a 2003, sa'an nan a 2004 doka ta haramta yi da sayar da giya a faɗin jihar. A Nuwamba 2013 Hisba ta farfasa kwalabe kimanin 240,000 a bainar jama'a. A Yulin wannan shekara kuwa bama-bamai sun tashi a wuraren shaƙatawa na Sabon Gari, rayuka suka salwanta. Masu mashaya suna kukan cewa jihar tana karɓar kasonta na harajin kayan masarufi da ake tarawa a tarayya, wanda na giya yake ciki; malamai kuma suna amsawa da cewa kuɗin shiga ba ya halatta haram. Mashayun dai ba su rufe ba, sai dai motar da ta ɗauko musu kaya takan jira dare ya raba kafin ta shigo gari.