LE, XLE, CR-V: Abin da haruffan bayan mota ke nufi

Sunan PZ da ke Sabon Garin Zariya ya samo asali ne daga kamfanin Paterson Zochonis, amma ba kowa ke tuna hakan ba. Haka abin yake ga haruffan da ke manne a bayan motocin da ke zirga-zirga tsakanin PZ da Samaru: ana karanta su kullum, ana biyan kuɗi saboda su, ba tare da an san ma'anarsu ba.

Kashi uku ne

Na farko su ne sunan motar kanta. CR-V ta Honda taƙaitawa ce ta Comfortable Runabout Vehicle, wato motar zirga-zirga mai daɗin zama. A sunan RAV4 ta Toyota, lambar 4 na nuni da tayoyi huɗu masu ja.

Na biyu suna bayyana matakin kayan alatu. A Camry da Corolla, LE na nufin Luxury Edition, SE na nufin Sport Edition, XLE kuma ta fi LE kaya da tsada. Duk da kalmar alatu da ke cikin sunanta, LE tana cikin ƙananan matakai.

Na uku suna magana kan inji. V6 na nufin silinda shida da aka jera kamar harafin V. A tsofaffin Lexus, RX330 na da inji mai lita 3.3, RX350 kuma lita 3.5. Wannan ƙa'ida ta fara rushewa, domin RX350 ta 2023 injinta lita 2.4 ne.

Inda ake cutar mai saye

Haruffan nan manna su ake yi, kuma ana sayar da su a shagunan kayan gyaran mota. Abu ne mai sauƙi a mayar da LE ta koma XLE, a ƙara mata kuɗi.

Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce lambar VIN mai haruffa da lambobi 17, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba, ɓangaren direba. Harafin farko na nuna ƙasar da aka ƙera motar: J Japan, W Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka. A motocin kasuwar Amurka, na goma shi ne shekarar samfurin: 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011. Da wannan lamba Hukumar Kwastam ta fara ƙiyasta harajin motocin da ake shigowa da su a 2022.

Abin da ya shafi dukiyar jama'a

Prado TX da Prado VX suna ɗaya gare su, farashi kuwa daban. Saboda haka duk kasafin kuɗi ko takardar kwangilar da ta ambaci "Prado" kawai ta bar ƙofar aringizo a buɗe. Mai bin diddigin kuɗin gwamnati ya kamata ya nemi mataki, shekara da lambar VIN ta kowace motar da aka saya.